Jawabin Malamin Gona Kan Irin Ganyen Lambu Da Maganin Ƙwari Na Gida



Maganarmu ta yau a kan ƙananan ganyayen nan ne da muke shukawa a gefen lambu ko bayan ɗaki, watau lansir da ɗoɗɗoya da na'a-na'a da alayyafo. Ba su cin fili, amma kullum suna cikin kwanon iyali, wasu ma ɗanyu ake cin su. Lansir kwana 15 zuwa 20 bayan shuka ka yanke shi, uwargida ta kwaɗa da ƙuli, yara su ci. Na sha ganin mutum ya ɗauko ragowar maganin feshin wake ya watsa wa alayyafo da yamma, jibi ya kai kasuwa. Wannan ganganci ne da ran mutane. Waɗannan ganyaye, irinsu yana lambunka ko na maƙwabcinka, maganin ƙwarinsu kuwa yana gindin darbejiya.

Mu fara da shuka. Ka gyara fangali ƙasa ta yi laushi, ka zuba takin gida wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, yana kuma kawo ciyawa. 'Ya'yan ɗoɗɗoya da na alayyafo ƙanana ne ƙwarai, saboda haka ka gauraya su da busasshen rairayi kafin ka yafa, don kada su taru wuri guda. Kada ka binne su. Ka ɗan danna da tafin hannu, ka rufe da busasshiyar ciyawa sama-sama, ka yayyafa ruwa a hankali. Da ka ga tsiro ka ɗauke ciyawar. Kadan shuka ta yi cunkoso, ruwa kuma ya yi yawa, sai ka ga tsiron yana ruɓewa daga gindi yana kwantawa. Babu maganin da zai tashe shi, sai dai ka rage ban ruwa ka tsinke wasu, iska ta shiga.

Lansir ɗan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da zafi ya shigo sai ya yi ta fure. Ɗoɗɗoya ita zafi take so, ka dasa ta in ta yi ganye 4 zuwa 6, ka riƙa tsinke kanta don ta yi rassa. Na'a-na'a kuwa kada ka wahalar da kanka da 'ya'yanta, reshe ake karɓowa a dasa a wuri mai laima.

Sai ajiyar iri, nan ne yawancinmu muke kuskure. Mukan cinye mai kyau, sa'an nan abin da ya rage a ƙarshe, wanda ya tsumbure ko ya yi saurin fure, shi muke bari ya zama iri. To, abin da ka bari shi za ka gani baɗi. Tun da wuri ka zaɓi gindi 5 ko 6 mafi ƙoshi, masu jinkirin fure, ka ɗaura musu tsumma, ka gaya wa yara kada a taɓa. In kansu ya bushe ka yanke, ka shanya a inuwa kamar mako guda, ka murje ka sheƙe. Ka zuba a busasshiyar kwalba da ɗan toka, ka toshe, ka ajiye nesa da murhu. Ka rubuta suna da shekara a jiki.

Musayar iri al'adarmu ce mai kyau, kuma irin da ya saba da ƙasarmu da ruwanmu ya fi amana. Amma bara, a wani ƙauye da nake zagayawa, wani bawan Allah ya ƙulle irin lansir a leda tun bai gama bushewa ba, da hunturu ya raba wa maƙwabta biyar da zuciya ɗaya. Ko ɗaya bai tsiro ba. Kafin su sami wani irin, mako uku na sanyi sun wuce, har gaisuwa ta so ta yi tsami. Don haka kafin ka bayar ko ka karɓa, ka gwada. Ƙirga ƙwaya 20 ka jera a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, kada ka bari ya bushe. Lansir ka duba bayan kwana 5, ɗoɗɗoya da alayyafo bayan kwana 10. In 16 ko fiye sun tsiro, iri ne mai kyau. In tsakanin 10 ne da 15, ka ƙara hannu wajen yafi. Abin da ya gaza 10 kada ka ba kowa.

Ka kuma je ka ga uwar irin da idonka. Gindin da ganyensa ya murɗe ko ya yi dabbare-dabbare, ka bar masa irinsa. Irin leda na kanti mai alamar F1, jikokinsa ba su ɗauko kamannin uwa, ba a musaya da su. Haka tattasai da aka shuka jikin barkono, ƙudan zuma sukan haɗa su, baɗi ka ji tattasai da yaji.

Yanzu ƙwari. Maganin farko ƙafarka ce. Kowace safiya ka kewaya, ka juya bayan ganye, ka tsince tsutsa da ƙwanta. Ƙananan ƙwarin da ke huda ganye, ka barbaɗa musu tankaɗaɗɗiyar toka da sassafe tun da raɓa. Lansir wannan ya ishe shi. Ƙaramin ƙwaron nan ja mai sheƙi, mai ɗigon baƙi, kada ka kashe shi, darɓa yake ci.

In darɓa ko tsutsa ta fi ƙarfin hannu, ka tara nunannun 'ya'yan darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi. Ka wanke, ka shanya a inuwa, ka zubar da masu fumfuna. Ka ɓare ka daka ƙwayar, giram 50 ga kowace lita ta ruwa, watau rabin kilo ga lita 10. Ka auna sau ɗaya a sikeli ka ga inda ya tsaya a kwanonka, shi ke nan. Ka jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle, ka narka ɗan sabulun wanki a ciki don ya kama ganye. Ban da omo, yana ƙone ganye. Ka fesa da yamma, gaba da bayan ganye, domin rana tana kashe ƙarfinsa. In ba famfo, tsintsiya ta isa. Abin da ka haɗa ka ƙarar ran nan, ka sake bayan kwana 7.

Wasu sukan ce da ni, "Malam, na fesa amma ga su nan da rai." Gaskiya ne, darbejiya ba ta kashewa nan take. Hana ƙwaro ci take yi, ta hana tsutsa girma, sai bayan kwana 2 ko 3 ka ga ɓarna ta tsaya. Ka jinkirta yanka na 'yan kwanaki, ka wanke ganye sosai saboda ɗaci, kada kuma ka wanke bokiti a tafkin kifi.

Ruwan taba kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan. Dafi ne ga mutum, yana kuma iya kai wa tumatir da barkono cuta. In ka ga ƙwaron da ba ka sani ba, ka sa shi a kwalin ashana ka kawo wa malamin gonar yankinku ya gani.