Jawabi Kan Naɗar Shirin Tauraron Ɗan'adam A Kwamfuta



Da yawanku kun tambaye ni yadda na adana Tarawihin Harami a kwamfutar gidana, hoto tangaran kamar mutum yana cikin sahu. Wallahi ba wani asiri. Wayar da ta sauko daga dish, maimakon dikoda, sai a jona ta da wata 'yar na'ura da ake maƙala wa kwamfuta.

To, a nan ake tafka asara. Kafin ku biya, ku duba ku ga an rubuta DVB-S2 a jikinta. Tsohuwar, wato DVB-S, ba ta kama galibin tashoshin HD. Ita na fara saya, mai shago kuwa ya ce kayan da suka fita ba sa komawa.

Tashoshin kyauta kaɗai za ku samu; na kuɗi irin DStv a kulle suke. Awa ɗaya takan ci gigabait 3 ko 4, don haka a tanadi wurin ajiya.

Sai wuta. Bara, daren 27 ga azumi, liman na tsakiyar alƙunutu aka ɗauke. Mahaifiyata na naɗar wa, har yau ina shan gori. Ku sayi UPS tun kafin a ga wata.