Rage Ma'aikata Daban, Korar Wanda Ya Gaza Daban

Shugaban taro, iyayen ƙasa, malamai da 'yan'uwa na Wurno, Rabah da Goronyo.

Hanya biyu ce ake raba mutum da aikinsa, kuma zaluncin da ake yi wa ma'aikata yawanci daga cakuɗa su yake fitowa. Ta farko, aikin ne ya ƙare: kasuwa ta faɗi, ko an kawo injin da ya maye gurbin hannu goma. Ta biyu, aikin yana nan, mutumin ne ya kasa. Mai kamfanin da asara ta kama yakan fi son ya ce yaron ba ya ƙoƙari, domin wanda aka kora da sunan gazawa da wuya ya nemi kuɗin sallama, kuma tabon zai bi shi duk inda ya je neman wani aikin.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta raba waɗannan biyun. Sashe na 20 ya ce mai rage ma'aikata ya sanar da ƙungiyarsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, ya fara da wanda ya zo ƙarshe bayan an duba ƙwarewa da riƙon amana, sannan ya yi ƙoƙarin daidaitawa da su kan kuɗin sallama. Sashe na 11 ya yanka wa'adin sanarwa, daga kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, har zuwa wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta fara neman a faɗi dalilin kora, a kuma tabbatar da shi. Abin takaici, doka a takarda ba ta ciyar da kowa. Masaƙar Kaduna, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ɗan Rabah ɗin nan, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka kwashe shekaru suna jiran haƙƙinsu, wasu har suka rasu ba su karɓa ba.

Wani zai ce, ai mai dukiya ba a tilasta masa riƙe malalaci. Gaskiya ne, kuma ban zo kare lalaci ba. Amma gazawa aba ce da ake nunawa: a gaya wa mutum abin da ake so ya yi, a ja masa kunne a rubuce, a ba shi lokaci ya gyara, a saurari uzurinsa. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu, aka sallame su. Ko wanda ya goyi bayan matakin dole ya tambaya, wa ya ɗauke su tun farko, kuma me aka yi masa?

Wani kuma zai ce wannan zancen manyan kamfanoni ne, mu nan injin casar shinkafa muke da shi a Wurno, da aikin noman rani a ƙarƙashin madatsar Goronyo, aikin da ke zuwa da kaka ya tafi da ita. To, a faɗi haka tun ranar ɗauka. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a san lada, a san wa'adi ko aikin da za a yi, kafin jinga ta inganta, kuma sashe na 7 na dokar ya wajabta ba ma'aikaci sharuɗɗansa a rubuce cikin wata uku. Yaron da aka ce masa aikin wata huɗu ne ba zai ga an ci amanarsa ba ranar da aka kashe inji.

Don haka ina roƙon masu injina da 'yan kwangila, ku rubuta wa yaranku takarda, ko da Ajami ne, da shaidu biyu. Ku kuma ma'aikata, ku nemi taku tun kafin ku ɗaga buhun farko.