Juji Taskar Lambu: Lacca a kan Shara da Taki a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo



An nemi in yi magana a kan shara, da yadda za a mai da ita abin amfani wajen raya lambu da ƙawata harabar gidaje da makarantu da ofisoshi. Na sani akwai wanda zai ce a ransa, ashe har juji ya isa a tara masu ilmi a kansa? To, ina roƙonsa ya ba ni aron kunnensa na ɗan lokaci.

Wata rana da rani na je wani ofishi, na tarar lebura ya share ganyen dogon yaro, ya tara shi tsibi guda, ya cinna masa wuta. Da na shiga ciki, sai na iske akawu yana rubuta takardar neman kuɗin sayen takin zamani, domin furannin da ke bakin ƙofa sun yi yaushi. Watau abin da ake ƙonawa a waje shi ake nema da kuɗi a ciki. Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa manomin Dinawa, a ƙasar Wurno, ya daɗe da sanin abin da wannan ofishi ya manta, sa'an nan in nuna abin da ke neman raba shi da wannan sani.

Bari mu fara da ƙasar ita kanta. Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara kuwa rani ne. Ƙasar tudu jigawa ce, ruwa na zurarewa cikinta kamar a rariya, rana kuma tana cinye ɗan ruɓaɓɓen ganyen da ke cikinta da sauri. Fadama ce ke da sauƙi, domin a da gulbi kan cika ya malala, ya bar mata sabuwar laka kowace shekara. A gefen wannan fadama ta Rima Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa na Wurno, ya zaunar da jama'a, a can kuma ya rasu cikin 1837. Amma an gama madatsar Bakolori cikin 1978 a kan gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa ta Rabah, aka gama ta Goronyo cikin 1984 a kan gulbin Rima. Ba wanda zai musa amfaninsu wajen noman rani. Sai dai ɗabi'ar madatsa ce ta tare laka a bayanta. Saboda haka abincin da gulbi ke kawo wa ƙasa kyauta ya ragu, ya zama wajibi mutum ya kawo shi da hannunsa, ko don albasa da tafarnuwa, ko don itacen inuwa.

Kakanninmu suna da hanyoyi uku na ciyar da ƙasa. Ta farko ita ce juji. Duk abin da aka share a gida, toka ne, ƙaiƙayi ne, kashin awaki ne, ko tsohuwar jinka, a bayan gida ake tara shi, kafin bazara a loda wa jaki a mangala, a kai gona, a zuba tsibi-tsibi. Ta biyu ita ce alkawarin manomi da makiyayi: bayan kaka shanu su kwana a gona, su ci kara, su bar kashi. Ta uku ita ce gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina, ya ba gero taki ba tare da ya tare masa rana ba. Wannan hikima ba ta Sakkwato kaɗai ba ce. Masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin kewayen Kano tun cikin shekarun 1960, ya nuna yadda jakuna ke shiga birni da itacen wuta su fito da taki, har ana noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. A wancan zamani juji dukiya ne.

To, me ya sauya? Abu biyu. Na farko, tun daga shirin ciyar da ƙasa na 1976 da shirin bunƙasa noma na 1980, gwamnati ta yi ta sayar da takin zamani da rahusa, har ido ya koma kan buhu. Takin zamani ba abin zargi ba ne. Yuriya, alal misali, kashi 46 cikin ɗari nata naitrojin ne, wanda shuka ke bukata ƙwarai. Amma shuka yake ciyarwa, ba ya gina ƙasa. Jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen taki ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe takin buhun kansa, ruwan sama na farko sai ya tafi da shi. Daɗin daɗawa, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar Naira cikin 2023, buhun ya fi ƙarfin talaka da yawa.

Na biyu, wanda ya fi muni, juji da kansa ya gurɓace. Daga shekarun 1990 ledar cefane da ledar ruwan sha suka cika kasuwanni, suka biyo mu gida, suka shiga shara tare da mataccen batir da fasasshiyar kwalba. Leda ba ta ruɓewa a tsawon ran mai ita. In ta shiga gona tana tare saiwa da ruwa, in tunkiya ta haɗiye ta sai ta rame, mahauta kuma shaida ne a kan abin da suke tararwa a tumbi. In aka ƙone ta, hayaƙinta guba ne. Ƙasar Ruwanda ta hana ledar cefane cikin 2008, Kenya ta bi cikin 2017. Amma ba sai mun zauna jiran doka ba, domin maganin na kusa yana bakin ƙofa: a raba shara tun daga tsintsiya, mai ruɓewa gefe guda, marar ruɓewa gefe guda. Rabawa a gida aikin minti ɗaya ne, tsincewa a gona aikin yini.

Yanzu ga yadda mai lambu zai yi da kashin farko. A haƙa rami a inuwa, zurfinsa kamar mita ɗaya. A shimfiɗa busasshen ganye ko buntun shinkafa, a bi shi da kashin dabbobi da ɗanyen ciyayi, a barbaɗa 'yar toka da ƙasa, a yayyafa ruwa, a yi ta jerawa haka har ya cika. Kada ya jiƙe sharkaf, kada kuma ya bushe. Cikin 'yan kwanaki zai ɗauki zafi, wannan zafi shi ke kashe ƙwayar ciyawa da yawancin cututtuka. A riƙa juya shi bayan mako biyu ko uku. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari. Ganyen da ya rage a lulluɓe gindin shuka da shi don rana kada ta shanye raɓa, amma a bar tazara daga jikin itacen saboda gara. Wanda ya ƙone ganye, naitrojin ɗinsa ya bi hayaƙi, toka kawai ya tsira da ita.

In taki ya yi kaɗan, mu yi koyi da maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar. Tun ƙarshen shekarun 1980 suka farfaɗo da dabarar tassa, watau ƙananan ramuka a faƙo, kowanne a sa masa taki cikin tafi, ruwa ya taru, gara ta huda ƙasa. Da haka suka mai da faƙo gona. Wannan dabara za ta yi wa dashen itace a filin makaranta daidai.

Har wa yau, kashi na biyu ma ba duka ne asara ba. Ledar ruwan sha, in aka huda gindinta, ta isa renon ɗan itace. Tsohuwar taya tana zama kaskon fure, ɓaraguzan gini su zama iyakar hanya. Ruwan alwala na masallaci, in aka ja masa 'yar kwata, zai shayar da jerin itatuwa duk rani. Batir da baƙin mai da sharar asibiti ne kaɗai bai kamata su kusanci lambu ba ko kaɗan.

Ya ku ma'aikata, a hannunku harabar sakatariya da asibiti da makaranta take. Ina ba ku shawara uku: ku hana ƙona ganye, ku sa a haƙa ramin taki a kowace haraba, ku kuma zaɓi itatuwan da suka san ƙishirwar ƙasar nan, kamar tsamiya da zogale da lalle, maimakon ciyawar ado mai shan ruwan da unguwa ke nema. Ya ku ɗalibai, in kun je hutu Dinawa ko Achida ko Goronyo, ku tambayi tsofaffi yadda suke gane taki ya nuna, ku rubuta, domin ba a littafi yake ba tukuna.

Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙasar da muka hana abincinta ba za ta ba mu inuwa ba, balle hatsi.