Gaɓar Tekun Kamaru da Maganar Ƙasar Bakweri

Jawabin nan a kan wani yanki ne na gaɓar teku a kudu maso yammacin Kamaru, wanda Turawan Ingila suka haɗa mulkinsa da na Nijeriya har 1960.

Matafiyin da ya tashi daga Duwala ya nufi yamma zai ratsa Tiko, garin ayaba da roba, sa'an nan ya gangara Limbe, wadda a da ake kira Victoria. Wani mai wa'azin Kirista, Alfred Saker, shi ya kafa ta cikin 1858. Rairayin gaɓar nan baƙi ne wuluk, don kuwa narkakken dutse ne da ya daskare ya marmashe. Bayan gari ga Dutsen Kamaru, tsawonsa ya ɗara ƙafa 13,000, yakan kuwa yi aman wuta. Cikin 1999 abin da ya amayar ya malalo har ya datse hanyar mota kusa da Bakingili.

Dutsen nan shi ne tushen arzikin wurin. Yana tare iskar teku, sai ruwa ya zuba. A Debunsha, gindinsa, akan sami wajen inci 400 a shekara, watau kamar ninki goma na abin da Kano ta saba samu. Saboda haka kurmi ya yi duhu, itatuwa sun rufe rana, tokar dutsen kuma ta zama taki.

Wannan ni'ima ita ta jawo wa masu ƙasar, watau Bakweri, wahala. Bayan da Jamus suka kama Kamaru cikin 1884, sai kamfanoninsu suka ƙwace ƙasa mai kyau, suka sare kurmi, suka dasa koko da roba da kwakwar manja, aka tura Bakweri 'yan wurare ƙanana. Da aka ci Jamus a yaƙi, ba a mayar wa Bakweri ƙasarsu ba. Cikin 1924 aka yi gwanjon gonakin a London, Jamusawa suka sake sayen yawancinsu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta ba kamfanin CDC hayarsu, ya fara aiki cikin 1947. Bakweri kuwa tun 1946 suka kafa kwamitin neman hakkinsu. Da gwamnatin Kamaru ta yi shelar sayar da kamfanin cikin 1994, sai maganar ta sake tashi sabuwa, jikokin waɗanda aka ƙwace wa suka tsaya kanta.

Wannan abin lura ne ga duk wanda amanar ƙasa ke hannunsa. Kafin a ba baƙo gona, ko kamfani, wajibi ne a tara masu ita, a ji ta bakinsu, malami ya rubuta iyaka da sharaɗi da wa'adi a gaban shaidu. Gonar da aka karɓa ba da yardar mai ita ba, magada ba su mantawa da ita.

Iyakar jawabin ke nan.