Kwantaccen Zafi da Lalacewar Silo: Hujjar Ƙara Mai Bisa Awo a Garejojin Darmanawa, Gyadi-Gyadi da Tarauni

Wannan takarda ta tsaya ne a kan matsalar da duk makaniken da ke aiki tsakanin Darmanawa da titin Zariya ya san ta a watannin bazara: motar da ta yi tafiya lafiya, aka kashe ta na minti goma ko ashirin, idan aka sake tayar da ita sai silonta ya riƙa rawa yana neman mutuwa, har sai an ba ta wuta na ɗan lokaci kafin ta daidaita. Silo shi ne juyin da inji ke yi da kansa ba tare da an taka totur ba. Matsayin takardar shi ne cewa inji a wannan hali yana ƙarancin mai na ɗan lokaci, kuma maganinsa ƙarin mai ne kaɗan, wanda aka auna, wanda ke janyewa da kansa, bayan an tabbatar babu wani abin da ya lalace.

Abin da ake nufi da kwantaccen zafi shi ne zafin da ke taruwa a ƙarƙashin bonet bayan an kashe inji, domin a lokacin ruwan lagireto ya daina zagayawa, iskar tafiya ta yanke, amma ƙarfen inji da bututun hayaƙi suna ci gaba da juye zafinsu a kan duk abin da ke kusa da su. A Kano, inda zafin rana a watan Afrilu kan kai digiri 40, motar da ta ratso cunkoson Gyadi-Gyadi, aka ajiye ta a rana a bakin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko kasuwar Tarauni, ta cika dukkan sharuɗɗan wannan matsala.

Injin fetur yana ƙona mai sarai ne idan aka haɗa nauyin iska 14.7 da nauyin mai 1, kuma da zarar iska ta zarce haka sosai, wutar filogi takan gaza kama haɗin, musamman a silo inda juyi yake ƙasa. Motoci da yawa, irin su Honda Civic da Accord na shekarun 1990 zuwa farkon 2000 da suka cika titunan Kano, ba sa auna nauyin iska kai tsaye. Kwamfutar inji tana lissafa shi ne daga matsin iska da zafinta. A nan kuskuren yake shiga. Idan sensar zafin iska ta gasu har tana nuna digiri 70, alhali iskar da ke shiga bayan tayarwa digiri 45 ce, lissafin zai zama 318 a kan 343 a ma'aunin Kelvin, wato kwamfuta za ta ɗauka iskar ta ragu da fiye da kashi 7 cikin 100, ta rage mai daidai da haka, haɗin ya tashi daga 14.7 zuwa kusan 15.9. Wannan daga sensa ɗaya ke nan.

Nozul, wato bakin da ke fesa mai, yana buɗewa ne da maganaɗisun wayar tagulla, kuma turjiyar tagulla ga lantarki tana ƙaruwa da kusan kashi 0.39 cikin 100 a kowane digiri, don haka ƙarin digiri 40 yana ɗaga ta da kusan kashi 16. Sakamakon shi ne nozul yana jinkirin buɗewa, kuma da yake a silo duk lokacin feshin bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 1000 na daƙiƙa ba, ɗan jinkirin yana cin rabo mai yawa. Fetur kansa yana rage nauyi da kusan kashi 0.1 cikin 100 a kowane digiri, wato kashi 3 idan ya ƙara digiri 30, sannan sassansa marasa nauyi suna fara tafasa tun ƙasa da digiri 40 idan babu matsi a kansu. Idan aka tara waɗannan, gibin yakan wuce kashi 10, haɗin ya haura 16. Sensar hayaƙi, wadda aikinta shi ne gano wannan gibi, ba ta fara aiki sai ta kai kusan digiri 300, saboda haka a daƙiƙun farko kwamfuta tana aiki ne a makance.

Masu ƙera motoci sun san da haka, kuma galibin kwamfutoci suna da tsarin ƙara mai idan an tayar da inji mai zafi. Shi ya sa dole a fara da neman abin da ya lalace: famfon mai da ba ya riƙe matsinsa na kusan 3 a ma'aunin bar bayan an kashe inji, roba da ta tsage tana shigar da iskar da ba a lissafa ba, nozul da ya toshe, ko bututun iska da aka cire har inji yana shaƙar zafin cikin bonet. Tun 1996 a Amurka da 2001 a Turai aka wajabta wa motocin fetur kafar da ake jona na'urar bincike, kuma ta nan ake karanta gyaran da kwamfuta ke yi wa mai; idan ya haura kashi 10, ko lambar P0171 ta fito, akwai ɓarakar da ƙarin mai ba zai toshe ba.

Abin da ake yi a garejoji da yawa ya saɓa wa wannan ta fuska biyu. Wasu suna cire tamostat, su jona fanka kai tsaye, ko su yaudari sensar zafin ruwa don kwamfuta ta zaci inji na sanyi, sai mota ta riƙa shan mai dare da rana, filogi ya yi baƙi, mai ya wanke bangon silinda, don kawai a magance matsalar minti biyu. Wasu kuma, tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 600 cikin wata biyu, ta kuma haura 1,000 a 2024, sun koma matse kafireta don biyan buƙatar direban da ke neman a rage masa shan mai. Injin da aka matse da safe shi ne ke mutuwa da azahar. A kan A Daidaita Sahu mai kafireta kuwa, zafi kan tafasa man ya malala cikin inji, alamar ta zo iri ɗaya amma sababin yawan mai ne.

Gyaran da ya dace, a inda kwamfuta ke karɓar sauyi, yana da sharaɗi uku: ƙarin ya fara ne kawai idan zafin ruwa da na iska sun nuna an tayar da inji mai zafi, ya tsaya a kan gibin da na'urar auna hayaƙi ta nuna, sannan ya riƙa raguwa har ya ƙare lokacin da sensar hayaƙi ta karɓi aiki. Sau da yawa mayar da sensar iska wuri mai sanyi ya fi taɓa lissafin mai. A kafireta, sukurun silo ana saita shi ne bayan inji ya yi zafi sosai.

Hukumomi ba su da uzuri a nan. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol, sinadarin da ke tafasa a digiri 65 kuma yake buƙatar nauyin iska 6.4 kacal maimakon 14.7, wato yana ƙara wa inji ƙarancin mai, kuma sai da ya isa gidajen mai kafin a janye shi. Hukumar NMDPRA da ke kula da ingancin mai ya kamata ta riƙa bayyana wa jama'a sakamakon gwajin man da ake sayarwa a Kano, musamman saurin tafasarsa a bazara. Hukumar NADDC ta harkar ƙera motoci da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano kuwa, abin da ake nema a gare su bai wuce horo da Hausa ta hannun ƙungiyar makanikai ta NATA ba, tare da na'urar bincike, ma'aunin matsin mai da na'urar auna hayaƙi a kowane rukunin gareji na ƙaramar hukumar Tarauni. Muddin makanike yana saita mai da kunne, direba ne zai ci gaba da biyan kuɗin kuskuren a gidan mai da kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa.