Aboki da Sanin Kai: Darasi Daga Gonakin Riɗi na Basunda

Yau za mu yi magana a kan abu biyu waɗanda aka saba rabawa alhali tushensu guda ne, wato sanin kai da riƙon aboki, kuma ba za mu nemi hujja daga nesa ba, domin ƙasar nan tamu ta Basunda ta ishe mu hujja.

Duk wanda ya san asalin zamanmu a kudancin jihar Gadarif ta Sudan, dab da iyakar Habasha, ya san hanyar Hajji ce ta kawo kakanninmu. Tun kafin zuwan Turawa mahajjata daga ƙasashen yammacin Afirka suke yada zango a Galabat, har suka mai da ita gari. Bayan da kuma Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a shekarar 1903, sai ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas tare da sauran jama'a, har suka zauna a bakin kogin Nilu, a garin da har gobe ake kiransa da sunansa. Tafiya ce ta shekaru, a ƙasa, a yi noma a wannan zango a tara guzurin na gaba, kuma babu mahalukin da ya gama ta shi kaɗai: wanda ya kwanta ciwo wani ya ɗauki kayansa, wanda ajali ya cim masa wasu suka yi masa sutura suka riƙe marayunsa. Ashe zumuncin da muke gani yau gado ne da aka saya da tsada.

To, bari mu dubi shekara guda a nan. Da rani baƙar lakar nan takan bushe ta tsattsage, mai kallo ya ce babu komai a cikinta, amma da zarar ruwa ya sauka a watan Yuni ko Yuli, sai duk irin da ta ɓoye ya fito fili, na amfani da na ciyawa. Haka zuciyar ɗan Adam take, ba a sanin abin da ke binne a cikinta sai wahala ta sauka a kanta. Wahalar kuwa ba ta ɓoyuwa, domin da damina hanya takan yanke, mota ta kafe a caɓi, mai jinya ya rasa yadda zai kai marar lafiyarsa Gadarif sai maƙwabci ya ba da tarakta ko jaki.

Sa'an nan Oktoba ta zo da yankan riɗi, wanda kowane manomi ya san ba ya jiran kowa. Idan ganye ya yi rawaya, kwanaki kaɗan ne suka rage kafin kwanso ya buɗe, ƙwaya ta zube ƙasa, wahalar damina ta tafi a banza. A cikin waɗannan kwanaki za ka ga mutum ya bar tasa gonar wadda ita ma ta kusa nuna, ya ɗauki lauje tun asuba ya tafi gayyar ɗan'uwansa, ana yanka, ana ɗaure dami, ana jingina su a tsaye domin su bushe, mata na kawo shayi da abinci bakin gona. Za ka kuma ga wani, wanda kullum yana sahun gaba wajen wa'azin zumunci, ya ƙirƙiri uzuri ya sulale. Kowannensu ya koyi wani abu game da kansa a ranar, wanda zaman majalisa na shekara ba zai koya masa ba.

Malamai magabata sun riga mu lura da wannan. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddini hanyoyi huɗu da bawa zai bi ya gane aibin kansa: ya lazimci malami masani, ko ya nemi aboki mai gaskiya da basira wanda zai riƙa nusar da shi, ko ya saurari abin da maƙiyansa ke faɗa a kansa, ko kuwa ya cuɗanya da mutane, duk abin ƙi da ya gani a wurinsu ya tuhumi kansa da shi. Ku lura, jama'a, babu ko ɗaya daga cikin huɗun nan da ke yiwuwa ga mutumin da ya kulle ƙofarsa. Muhasaba, wato yi wa kai hisabi, tana bukatar kaɗaici na sa'a guda, amma abin da za a yi hisabi a kansa a cikin mu'amala ake samunsa.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, jihar Gadarif ta karɓi baƙi masu ɗimbin yawa waɗanda suka baro gidajensu, kuma wannan jarrabawa ce ga jikokin mutanen da su ma baƙi ne a jiya. Saboda haka nasihata uku ce. Ka nemi aboki guda wanda ka amince da addininsa, ka ba shi izini ya gaya maka gaskiya, kada kuma ka yi fushi ranar da ya faɗa. Ka amsa gayya ko da kana da taka bukatar. Kafin ka kwanta barci kuma, ka tambayi kanka wa ka sauƙaƙa wa yau, wa ka ƙuntata wa, domin gobe ka gyara tun da sauran dama.

Allah ya ba mu abokan ƙwarai, ya sanya mu ma mu zama na ƙwarai ga wasu, ya kawo zaman lafiya a Sudan baki ɗaya.