Kalangu Da Jita: Darasi Daga Makaɗan Yamai

Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan kiɗa da matasa, ni kuwa ba makaɗi ba ne, ma'aikacin gwamnati ne. Amma tun da an ɗora mini nauyi, zan faɗi abin da ya sawwaƙa.

Jama'a, kowa a nan ya san cewa a ƙasar Hausa kusan kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, manoma suna da gangar noma, mata suna da ƙwarya, a fada kuma ga kotso da taushi da jauje. Da kalangu Alhaji Mamman Shata ya yi zamaninsa har ya rasu a 1999. Da ƙwarya Hajiya Barmani Choge ta yi nata har ta rasu a 2013. To amma tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da finafinan Hausa suka bunƙasa a Kano, sai fiyano ta shigo. Mutum ɗaya a ɗakin ɗaukar waƙa yana danna maɓalli, na'ura ta ba shi ganga, ta ba shi sarewa, ta ba shi tafi. Aikin da ada yake ciyar da mutum shida ko bakwai ya koma hannun mutum guda. Yau a bukukuwanmu na Rano da Kibiya, sau da yawa mai lasifika ake kira, ɗan makaɗi kuwa ya rataye gangar ubansa ya nemi wata sana'a.

Wasu na cewa zamani ne, ba yadda za a yi. Ni kuwa ina ganin akwai yadda za a yi, kuma hujjata tana wurin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar.

A birnin Yamai akwai wata ƙungiyar makaɗa mai suna Tal National, wadda aka kafa a shekarar 2000. Ta samo sunanta daga rairayin Tal da ke gabashin ƙasar, wajen yankin Diffa. Wanda ya kafa ta shi ne Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida. Abin da zai ba ku sha'awa shi ne, lokacin da sunansu ya fita duniya, mutumin nan alƙali ne: da rana yana kotu, da dare yana riƙe da jita. Cikin ƙungiyar akwai Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Buzaye, kowa ya zo da salon gidansu. Suna kaɗa jita mai aiki da lantarki da gangunan Turawa irin na kiɗan rok, amma a tsakiyar wannan duka akwai kalangu, kuma ba ado aka sa shi ya yi ba, aiki yake yi.

Ba wani babban kamfani ne ya raine su ba. Sun yi shekaru suna wasa kusan kowane dare a Yamai, wasa ɗaya yakan kai awa biyar, faifansu kuma a kan titi da shataletale ake sayar da shi. Sai a 2013 wani kamfani na Ingila mai suna FatCat ya fitar da faifansu Kaani zuwa kasuwar duniya. Bayansa suka yi Zoy Zoy a 2015, sannan Tantabara a 2018, kun ji suna na Hausa tsantsa. Da wannan kiɗa suka zagaya Amurka da ƙasashen Turai.

Ba su ne farau ba. Tun a 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗan ogan mai aiki da lantarki a gidan rediyon Nijar, yana juya karin waƙoƙin gargajiya a kansa. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya haɗa kiɗan bori da kayan zamani, faifan da suka yi da Moussa Poussy ya fito a 1994. A nan gida ma iyayenmu ba su manta da marigayi Bala Miller da ƙungiyarsa ta Kaduna ba. Gwamnatin Nijar kuma ta taimaka, domin ta kafa gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, ta kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa a Yamai.

Me ya sa kalangu bai ɓace a cikin ƙarar jita ba? Dalili shi ne yadda aka yi shi. Makaɗi yana matse tsirkiyarsa a hammata, murya ta hau. Ya sassauta, ta sauka. Harshen Hausa kuwa da hawa da saukar murya yake bambanta ma'ana, shi ya sa kalangu yake iya kiran sunan mutum har ya waiwayo. Na'ura tana iya maimaita bugun da aka ɗura mata, amma ba ta ganin wanda ya shigo fili, ballantana ta yi masa take. Baturen da ya sayi faifan Tal National yana da jita a garinsu; abin da ba shi da shi ne ya biya kuɗi ya saurara.

Na san akwai iyayen da ke ƙyamar kiɗa saboda roƙo da shashancin da ke biyo bayansa, kuma damuwarsu abin dubawa ce. Hukuncin shari'a na bar wa malamai. Abin da nake cewa kawai shi ne, yaranmu sun riga sun shiga harkar, suna haɗa kiɗa a waya da kwamfuta. Idan ba mu nuna musu na gida ba, na wasu za su kwaikwaya, kuma kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Don haka ina ba ƙungiyarmu shawarwari uku. Na ɗaya, mu nemi izinin masarauta da hakimai, mu bi garuruwan Rano da Kibiya mu ɗauki kiɗan dattawan makaɗa da bayanin kowane take, tun suna raye. Waya mai kyau ta isa wannan aiki. Na biyu, mu farfaɗo da ƙungiyar al'adu ta makaranta, mu riƙa biyan makaɗi ɗaya ladan koyarwa ko da sau ɗaya a mako. Na uku, duk wanda zai yi biki a cikinmu, idan ya kira mai fiyano, to ya kira mai kalangu su yi tare, ya kuma biya shi a matsayin mai sana'a.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, ku lura cewa Almeida sai da ya yi karatu har ya zama alƙali. Ku riƙe littafi da farko.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ɗaukaka wannan makaranta, ya mai da kowa gidansa lafiya.